Yadda Ƙungiyoyin Fafutuka Za Su Adana Takardunsu da Tarihinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Mun tattara waɗannan tambayoyi ne domin sakatarori da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, na ɗalibai, na mata, na 'yan kasuwa da na kare haƙƙi, musamman a Abuja da Jos, inda taro da zanga-zanga da zaman dirshan ba baƙon abu ba ne.

Me ya kamata ƙungiya ta ajiye?

Yawancin ƙungiyoyi hotunan ranar zanga-zanga suke ajiyewa, su watsar da sauran. Alhali abin da ya fi daraja shi ne takardun da ba su da ban sha'awa: tsarin mulkin ƙungiya da duk gyaran da aka yi masa, bayanan zaman kwamitin zartarwa, littafin ma'aji, wasiƙun da aka aika wa hukuma tare da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, takardar sanar da 'yan sanda ranar fita, takardar bayan taro, da daftarin buƙatu tun kafin a tace shi. Hoton taron jama'a 'yan jarida ma suna da shi. Amma yadda aka yi gardama a cikin gida kafin a amince a janye yajin aiki, wa ya goyi baya, wa ya ƙi, wannan babu mai shi sai ku.

Bayan waɗannan sai abin da aka fitar wa jama'a: fosta, takardun rabawa, sanarwar manema labarai, kwalaye masu rubutu, riguna, waƙoƙi da taken da aka rera. Sannan takardun shari'a: sammaci, takardar beli, jerin waɗanda aka kama da ranar da aka sako su.

Ba komai ake ajiyewa ba. Idan an buga takardar rabawa 2,000, kwafi 3 masu tsafta sun isa. Rasit ɗin ruwan leda da hayar kujeru, da zarar an binciki asusun shekarar kuma akanta ko lauyanku ya ce wa'adin riƙe su ya cika, ana iya rabuwa da su a bar taƙaitaccen lissafi.

Wannan ba aikin hukumar adana tarihi ta ƙasa ba ne?

Hukumar ta samo asali ne a 1954 a ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Kenneth Dike, tana da manyan ma'ajiyai a Ibadan da Enugu da Kaduna, hedikwatarta na Abuja, kuma dokar 1992 ce ke tafiyar da ita. Sai dai babban aikinta takardun gwamnati ne. Abin da ke isa can game da ƙungiyar adawa yawanci shi ne abin da hukuma ta rubuta a kanta: rahoton ɗan sanda, wasiƙar jami'in mulki, bayanin kotu.

Duba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mai bincike da ya shiga fayilolin larduna a Kaduna zai fi cin karo da ita ta bakin waɗanda ke sa mata ido da ɗaure 'ya'yanta. Muryar 'yan jam'iyyar da kansu sai an nemo ta a hannun iyalai, a jaridun zamanin, a bakin dattawa, da cibiyoyi irin Gidan Mambayya a Kano da Arewa House a Kaduna. Haka zancen yake ga ma'aikatan haƙar kuza na Filato: takardun kamfani da na gwamnati sun fi na lebura yawa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar da ba ta ajiye nata ba, da takardun abokin hamayyarta za a ba da labarinta.

Takardun na waye: na ƙungiya ko na sakataren da ya rubuta su?

Na ƙungiya ne, amma sai an rubuta hakan kafin rigima ta tashi. Abin da ya fi cinye takardun ƙungiyoyi ba samamen jami'an tsaro ba ne, canjin shugabanci ne. A yi zaɓe, wanda ya faɗi ya tafi da fayil gida, ko ƙungiya ta dare biyu kowane ɓangare ya riƙe rabi.

A sa sakin layi guda a tsarin mulki da ke cewa duk takarda, hoto, asusun imel da shafin sada zumunta da aka buɗe da sunan ƙungiya mallakarta ne, kuma mai barin gado zai miƙa su cikin kwana 30 tare da jeri mai sa hannun mutum biyu. Idan an yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) da amintattu, su ne suka fi dacewa da riƙon amanar. Idan kuwa gamayya ce marar rajista, irin wadda ke tashi dare ɗaya a intanet, a zaɓi mutum uku a zaman da aka rubuta bayaninsa. Kada a buɗe imel ko shafin ƙungiya da layin wayar mutum ɗaya. A sayi layi na ƙungiya, a riƙa sa masa kati don kada kamfani ya sake sayar da shi.

Mun gaji takardu cunkushe a buhuna da kwalaye. Ta ina za mu fara?

Kada ku zazzage su wuri guda ku fara tsarawa bisa kwanan wata. Wannan ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Yadda mai takardun ya haɗa su shi ma bayani ne: wasiƙa marar kwanan wata da ke maƙale da amsarta, da an raba su an rasa zamaninta.

Ku ba kowane buhu ko kwali lamba, ku ɗauki hotonsa yadda kuka same shi, ku rubuta daga hannun wa ya fito da ranar da aka karɓa. Ku buɗe ɗaya bayan ɗaya a kan tebur mai faɗi, a wuri mai iska, da takunkumi a hanci. Duk wanda ya yi fumfuna ko aka ga ƙwari a ciki, a ware shi nan take. Sauran a cire musu ƙarfen sitefula da fil da roba mai ɗaure kuɗi, domin ƙarfe yana tsatsa ya ci takarda, roba kuma ta narke ta manne. A maye gurbinsu da farar takarda da aka naɗe biyu ta rungumi shafukan.

Sai jeri. Ba a buƙatar wata manhaja ta musamman. Littafi mai bango ko Excel ya isa, da gurbi shida: lambar kwali, lambar fayil, abin da ke ciki, shekarun da ya ƙunsa, wanda ya samar da shi, da ko kowa zai iya gani ko a'a. A yi jerin fayil-fayil, ba takarda-takarda ba, in ba haka ba aikin ba zai ƙare ba. Duk rubutun da za a yi a jikin takarda a yi shi da fensir a gefen baya. Biro da maka suna huda takarda, kuma ba sa goguwa.

Wane irin ɗaki ya dace?

Ma'aunin da masu wannan sana'a ke nema shi ne zafi kusan digiri 20 ko ƙasa, laimar iska tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100. Da laima ta zarce kashi 65 ta daɗe a haka, fumfuna za ta fara. A Abuja, a tsakiyar damina laima kan haura kashi 80, da hunturu kuma ta faɗi ƙasa da 30. Wannan hawa da sauka shi ke sa takarda ta kumbura ta motse har ta fara karyewa. Jos ta fi sauƙin zafi saboda tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, amma daminarta ma tana da laima sosai, don haka sanyin garin kada ya ruɗe ku.

Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa shida ta mutu awa goma sha takwas ta fi rashinta illa, domin tana sa raɓa ta sauka a kan kaya. Gara ɗaki na tsakiyar gini, wanda ba ya jikin banɗaki ko kicin, ba a ƙarƙashin tankin ruwa ba, kuma rana ba ta faɗa masa kai tsaye. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako saboda gara. Matakin ƙasa ya ɗaga santimita 15 daga daɓe, a bar ɗan rata tsakaninta da bango. A sayi ƙaramin ma'aunin zafi da laima a rataye, a riƙa rubuta abin da ya nuna sau ɗaya a mako.

Kwali marar asid shi ne na ƙwarai, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Sabon kwali mai tsafta da aka shimfiɗa wa farar takarda a ciki ya fi buhu da leda sau goma. Kwalin da aka taɓa zuba abinci a ciki kuwa gayyatar kyankyaso da ɓera ne.

Mu kai muhimman takardu a yi musu laminatin?

A'a. Zafi da gam suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya cire ta daga baya ba tare da ta yage ba. Haka salatif: bayan 'yan shekaru ya yi ja, ya ɓare, ya bar tabo. Takardar da ta yage a sa ta a cikin naɗaɗɗiyar farar takarda a bar ta haka.

Akwai iri biyu da ke mutuwa da kansu ko an kula da su. Rasit ɗin POS da takardar faks ta dā rubutunsu na zafi ne, yana dusashewa cikin watanni ko 'yan shekaru. Yankan jarida kuma yana da asid, yana yin ja ya shafi maƙwabcinsa. Duka biyun a yi musu fotokwafi ko sikanin tun suna karantuwa, a tabbata sunan jaridar da kwanan wata da lambar shafi sun fito.

Ruwa ya shiga, ko mun ga ƙwari. Yaya za mu yi?

In ruwa ne, kuna da kamar awa 48 kafin fumfuna ta kama. A shimfiɗa takardun a inuwa a kan farar takarda ko tawul, a kunna fanka tana kaɗa ɗakin, ba tana hura takardun kai tsaye ba. Kada a shanya a rana, kada a goge da dutsen guga, kada a yi ƙoƙarin ɓamɓare shafukan da suka manne suna jiƙe. Littafi a tsayar da shi a buɗe kaɗan, a riƙa sa busasshiyar takarda tsakanin shafuka ana canzawa. Hotuna a raba su tun da danshinsu, fuska sama, domin in suka bushe a manne shi ke nan. Idan kayan sun fi ƙarfin hannu, a naɗe a leda a daskarar a firiza, a riƙa fitowa da su kaɗan-kaɗan.

Fumfunar da ta bushe ana share ta da buroshi mai laushi a waje, da takunkumi. Mai asma kada ya kusanci aikin.

Ƙwari kuma kada a fesa wa takarda maganin sauro ko fiya-fiya. Yana ɓata tawada, yana cutar da mai karatu. A rufe kayan ruf a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu, a fito da su a bar su cikin ledar kwana guda kafin a buɗe. Sharaɗin shi ne wuta ba ta yanke ba, don haka sai inda ake da sola ko janareto tsayayye. Gara kuwa maganinta a jikin gini yake, a kira masu feshi bayan an kwashe takardun.

Kwalayen zanga-zanga da ƙyallaye masu rubutu fa?

Ba za a iya ajiye duka ba. A ɗauki hoton kowanne gaba da baya, a zaɓi kaɗan: na hannu sun fi na bugun inji, haka waɗanda aka rubuta da Hausa ko ajami ko Berom ko wani harshen gida, domin su ne ba sa fitowa a jarida. Kwali a kwantar da shi. Ƙyalle a naɗe shi a jikin bututun kwali da farin yadi a tsakani, kada a ninke. Bana ta roba tana manne wa kanta in ta sha zafi, ita hotonta ya fi ita kanta daɗewa. Kowanne a rubuta masa ranar da aka ɗaga shi da wurin, misali Unity Fountain da ke Abuja, inda masu fafutukar Bring Back Our Girls suka fara zama a ƙarshen Afrilun 2014.

Idan mun yi sikanin, za mu iya zubar da na asali?

Kada ku zubar. Takarda da aka kula da ita tana shekara ɗari, had-diski kuwa in ya yi biyar a fara shirin canza shi.

Rubutu a yi masa sikanin a 300 dpi (ma'aunin kaifin sikanin), hoto a 600. Babban kwafi a ajiye shi a tsarin fayil na TIFF, a fitar da PDF ko JPEG domin rabawa. Shafin A4 mai launi a 300 dpi yana cin kusan megabait 25 a TIFF, wato shafi 1,000 wajen gigabait 25, sai ku san girman ma'ajiyar da za ku saya. In babu na'ura, waya mai kyamara mai kyau za ta yi, muddin an ɗora ta a kan abin riƙewa, an yi amfani da hasken taga, an kashe fitilarta. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar kwali da fayil, kamar 2012-01-09_K03_F12_001. Fayil mai suna "sabo na ƙarshe 2" bayan shekara biyu ko wanda ya sa masa sunan ba zai gane shi ba.

Yawancin aikinmu a WhatsApp da Facebook da X yake. Ai yana nan?

Ba ya nan. Shafin ba naku ba ne, aro ne. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter (wato X a yanzu) a Najeriya. A 2017 YouTube ya sauke ɗimbin bidiyon yaƙin Siriya da masu kare haƙƙi ke dogaro da su. Google kuma ya tanadi goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ƙara da satar waya da adimin da ya yi fushi ya rufe zauren WhatsApp.

Bidiyo da hoto a karɓe su daga wayar da ta ɗauka, ta kebul ko katin memori. WhatsApp yana matse hoto ya cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, irin su lokaci da wuri da nau'in waya. In dole sai ta WhatsApp, a turo a matsayin dokumen. Kada a yanke, kada a sa tambari ko kiɗa a kan na asali. A yi kwafi a yi aikin a kansa.

Hirar zaure a fitar da ita duk ƙarshen wata, domin manhajar tana da iyaka: saƙo 40,000 in babu hotuna, 10,000 in da su. A duba ko an kunna saƙo mai ɓacewa. Facebook da X duka suna ba mai asusu damar sauke dukan bayanansa. A yi hakan duk wata uku, da kuma washegarin kowace babbar fita. Shafukan jarida da sanarwar hukuma a adana su a Wayback Machine, ma'ajiyar shafukan intanet, a kuma ɗauki hoton fuskar kwamfuta da ke nuna adireshi da kwanan wata.

Kwafi nawa, a ina?

Uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Misali had-diski a ofis, wani a hannun amintacce a wani gari, na uku a ma'ajiyar intanet. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Terminus ta Jos a 2002 ya san dalilin fitar da ɗaya daga gini. Filash na ɗaukar kaya ne, ba na ajiya ba. A kulle diskin da manhaja irin VeraCrypt, mutum biyu ko uku su san kalmar sirri, a rubuta ta a ambulan a ba lauya. Sau biyu a shekara a jona kowane diski a buɗe fayiloli da dama a gani ko suna aiki.

Ajiyar nan ba za ta jefa 'yan ƙungiya cikin haɗari ba?

Za ta iya, kuma wannan tambayar ta fi duk na sama nauyi. A Nuwamban 2020 kotu ta ba Babban Banki izinin rufe asusun mutane da aka danganta da EndSARS. A Nuwamban 2024 an gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta, har da ƙananan yara, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Jerin sunaye da lambobin waya da na masu ba da gudummawa, in ya faɗa hannun da bai dace ba, makami ne.

A kasa kayan gida uku. Na fili, wato abin da dā ma an fitar wa jama'a. Na cikin gida, kamar bayanan zama, wanda sai da izinin shugabanni. Na rufe, wato rajistar mambobi, bayanan waɗanda aka ci zarafinsu, da bidiyon da ke nuna fuskoki a wurin da aka yi arangama. Na ukun a ajiye shi dabam da sauran, a kulle, a sa masa wa'adi, shekara 20 ko 30 ko tsawon ran mai shi. Kwafin da za a fitar a dusashe fuskoki, a cire bayanin wuri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa, addini, ƙabila da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, don haka wannan wajibi ne na doka, ba kara kawai ba. A garin da ya sha rikici kamar Jos, sunan mutum da unguwarsa kaɗai sun isa su fallasa shi.

Abin da ya fi sauƙi shi ne kada a tara abin da ba a buƙata tun farko: takardar halartar taro ba ta buƙatar adireshin gida. Amma da zarar an shiga shari'a ko kotu ta nemi wasu takardu, kada a lalata komai. A nemi lauya.

Kotu ko kwamitin bincike za su karɓi bidiyonmu?

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci shaidar da ta fito daga kwamfuta ko waya ta zo da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da abin. Saboda haka kowane bidiyo ya kasance da bayanin wanda ya ɗauka, da wace waya, a ina, yaushe, da hannun da ya bi kafin ya iso ma'ajiya. A fitar masa da lambar SHA-256 a ranar da aka karɓe shi. Ko ɗigo aka canza a fayil, lambar za ta canza, da ita ake tabbatar da cewa ba a taɓa shi ba.

Duk takardar bayani da kuka miƙa wa kwamiti ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Filato ta ga kwamitin Fiberesima kan rikicin 1994, na Niki Tobi kan na 2001, da na Bola Ajibola kan na 2008, kuma ƙungiyoyi da dama sun gabatar da bayanai. Ba hikima ba ce a dogara cewa bayan shekara ashirin za a samu naku a ofishin gwamnati.

Tsofaffin kaset da hira da dattawan gwagwarmaya?

Kaset na rediyo da na bidiyo su za a fara juyewa kafin takarda, domin suna lalacewa kuma na'urorin kunna su na ƙarewa. Wanda ya yi fumfuna kada a sa shi a na'ura. Sauti a ajiye shi a tsarin fayil na WAV, wanda a 48 kHz da bit 24 na sitiriyo yake cin kusan gigabait 1 a awa. Hira kuma a yi ta da harshen da mutum ya fi sakewa, a fara da faɗin suna da rana da wuri, a ɗauki amincewarsa a rubuce ko a murya, har da abin da ba ya so a fitar yana raye. Waɗanda suka ga zanga-zangar ɗalibai ta 1978 yanzu sun manyanta. A nemi mata da masu dafa abinci da direbobi da masu raba takarda, ba shugabanni kaɗai ba.

In ƙungiya za ta rushe ko ba ta da wuri, wa za mu ba?

Ɗakin karatun jami'a kamar na Jos ko na Abuja, Arewa House, Gidan Mambayya, ko hukumar adana tarihi ta ƙasa. Kafin ku amince ku je ku ga ɗakin da idonku: rufi, kanta, da ko suna da jerin abin da ke hannunsu. Ku rubuta yarjejeniya da ta fayyace ko kyauta ce ko ajiya, wa ke da haƙƙin mallakar rubutun, wane fayil ne a rufe har zuwa yaushe, yaya za a yi idan jami'an tsaro suka nema, da abin da zai faru in cibiyar ta daina buƙata. Ku riƙe kwafin sikanin da jerin. Abin da kuka buga a matsayin littafi ko mujalla kuwa, doka ta ce a kai kwafi uku Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Akwai kuma masu ba da tallafin juye irin waɗannan kaya zuwa na'ura, kamar shirin jami'ar UCLA ta Amurka kan takardun zamani da ke fuskantar ɓacewa, da na British Library wanda ya fi karkata ga tsofaffin kaya. Duka biyun suna son a saka abin da aka juye a intanet kowa ya gani, don haka fayilolin rufe kada su shiga cikin abin da za ku nema wa tallafin.